In Vimbi Ta Ɓata, Wa Za a Kira?

Tun daga Gweru, garinmu a Zimbabwe, Mbuya take mita, har muka shigo Johannesburg bakinta bai huta ba. Kujerar bas ta yi mata tauri, direba yana gudu kamar an biyo shi, kazar da ta soya mana ta guzuri gishiri ya yi mata yawa, kuma wai laifina ne, alhali ko kusa da murhun ban je ba. Mbuya uwata ce, amma tun da aka haifi jikarta Vimbiso sunan kaka ya bi ta, har mu 'ya'yanta da shi muke kiranta. Vimbi tana barci a kan cinyata, ƙafata ta yi sanyi tun a kan iyaka, na ƙi motsawa don kada ta farka.

Bari in gaya muku yadda abin yake tun yanzu, kada ku ga ina cika ina batsewa ku ce hali ne. Hali ne kam, amma wannan karon da dalili. Vimbi ba ni na haife ta ba, 'yar yayata Shuvai ce, wadda nake ce wa Sisi. Ana yaye ta Shuvai ta samu aikin kula da tsofaffi a Ingila, ta miƙo min ita a tashar mota, ta ce, "Shekara ɗaya ce, Netsai, da na zauna zan aiko a kawo min ita." Shekara ɗayan nan ce ta zama bakwai. Takardu suka riƙe ta a can, in ta fito ba ta da hanyar komawa. Ni na yi goyo, ni na yi jinyar ƙyanda, ni na raka yarinya makaranta ranar farko na dawo ina sharar hawaye a kan keken ɗinkina. A unguwarmu ba wanda ke ce min Netsai, Maman Vimbi ake ce min. Ban taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ba ni da ɗa ba sai bana, da takardun suka fito.

Shuvai ce ta tsara komai. Mu haɗu a Johannesburg, mu yi 'yan kwanaki a otal ɗin da ke jikin babban dandalin wasannin nan, yarinya ta saba da uwarta cikin hawan lilo da shan ruwan ƙanƙara. Daga nan su biyu su hau jirgi, ni da Mbuya mu hau bas. Dabara ce mai kyau, ba wanda zai kushe ta. Ni kuwa na tsane ta kamar ciwon haƙori.

A zauren otal muka same ta, jirginta ya riga mu sauka. Ta yi haske, ta ɗan yi jiki, gashinta ya fara furfura ta gaba, abin da waya ba ta taɓa nuna mana ba. Tana hango mu ta saki jakarta a ƙasa. Ta rungume Mbuya, suka yi kukansu, ta rungume ni, sannan ta durƙusa a kan gwiwoyinta ta buɗe hannuwa.

Vimbi ta tsaya, ta rusuna, ta tafa hannu a hankali kamar yadda na koya mata gaida manyan baƙi.

"Kun sauka lafiya? Ya hanya?" in ji ta.

"Lafiya lau, 'yata. Zo mana. Zo in ji ɗuminki."

Ta je, ta bari aka rungume ta, hannuwanta a sake, idonta a kaina. Ana sakinta ta dawo ta kama gefen siket ɗina. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ga fuskar yayata, daɗin ya koma min ɗaci nan take.

A gida, in Shuvai ta bugo ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Vimbi takan ce, "Maman waya ce." Amma a gabanta ba ta taɓa kiranta da wani suna ba, sai dai ta gaishe ta, ta nuna mata littafin makaranta, ta gudu wasa. Ranar nan ma haka, duk inda magana ta zo wurin suna sai ta kewaye.

Muna hawa bene muka ji wani ihu ya tashi ta bayan otal, ihun mutane da yawa a lokaci ɗaya. Mbuya ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Me ya faru? Gobara ce?"

Shuvai ta yi dariya ta ja labule. Ga dandalin nan a ƙasanmu, shinge kawai ya raba. Wani jirgin ƙasa ɗan ƙarami ya hau sama can a kan siririn ƙarfe, ya tsaya kamar yana tunani, ya sulmiyo da mutanen cikinsa suna kururuwa. Gefe kuma ga wani ƙaton lilo mai juyawa a hankali, kamar ƙafar keke.

Mbuya ta ce, "Yanzu kuɗi suka biya a yi musu haka? Ai direbanmu na jiya kyauta ya yi mana."

Vimbi ta manne hancinta a gilashi. "Mama, yanzu za mu shiga?"

Mu biyu muka buɗe baki. Ni na rufe nawa.

"Ba yau ba," in ji Shuvai. "Tikitinmu gobe zai fara. Ranar da aka sauka ba a shiga, asara ce, rana ta riga ta yi nisa ga gajiya. Yau hutawa za mu yi, mu ci abinci, mu yi iyo, da la'asar mu taka bakin ƙofa mu karɓi tikiti don kada mu bi layi da safe. Sai kwanciya da wuri."

Na ce, "Ikon Allah. Sisi, yanzu a Ingila har hutawa sai an tsara ta?"

"Ke dai bakin nan naki bai mutu ba."

"Wa zai kashe shi? Ke kin tafi."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce ɗaki biyu ta kama, da ƙofa a tsakani. Ɗaya ni da Mbuya, ɗaya ita da Vimbi. Na ce to. Na ɗauki ƙaramar jakar Vimbi na kai ta ɗayan ɗakin da hannuna, na ajiye a kan gadon da ke jikin bango, don takan mirgino in ta yi barci.

Mbuya ta kwance ƙullin zanenta ta fito da wata robar abinci da ta hana kowa taɓawa tun daga gida. Ashe cinyar kaza ce da ƙundu ta ɓoye wa Shuvai. Shuvai ta zauna a ƙasa, a kan kafet, ta ci da hannu tana lasar yatsu, hawaye yana ɗiga cikin robar.

"Gishiri ya yi yawa ko?" in ji Mbuya.

"Daidai yake, Mbuya. Daidai yake."

"Ai na faɗa, Netsai ce dai ba ta san daɗin abu ba."

Bayan ta wanke hannu ta zuge akwati ta fito da riguna huɗu, rawaya shar, iri ɗaya. Wai haka iyalai suke yi a can, kowa ya sa iri ɗaya don a hango juna cikin taro. An buga rubutu a bayan kowace. Ta Mbuya an rubuta Mbuya. Ta Vimbi an rubuta Vimbi. Ɗaya an rubuta Mama, ɗaya Mainini. Ba ƙarya aka yi ba, mainini ce ni, ƙanwar uwa, ƙaramar uwa. Kawai dai ban taɓa ganin abin a rubuce ba.

Vimbi ce ta ce za ta raba. Ta miƙa wa Mbuya tata, ta ware tata, ta ɗauki mai Mama ta kawo min.

"Ga taki."

Na ɗaga rigar na juya ta, na duba ɗinkin kafaɗa kamar an kawo min gyara.

"Kai, wannan ta yi min yawa. Dube ni fa, kamar tsinken tsire. Ba wa mai jiki, miƙo min waccan."

Girmansu ɗaya, ni tela ce, ido ɗaya na yi musu na sani. Vimbi ma ta sani, don a ƙarƙashin keken ɗinki ta girma. Ta dube ni, ta ajiye rigar a bakin gado kusa da Shuvai, ba ta ba ta a hannu ba.

Da rana ta ɗan karya muka sauka tafkin iyo na otal. Mbuya ta ce ita ba ta zo duniya don ta ga tsiraicin mutane ba, ta kwanta a ɗaki. Shuvai ta shiga ruwa har ƙugu tana kiran Vimbi, tana cewa za ta riƙe ta, ba za ta sake ta ba. Vimbi ta ce sai in na zauna a baki. Na naɗe siket na zauna na tsoma ƙafa. Ta shiga iya gwiwa, hannunta ɗaya a kan idon sawuna. Sai da wasu yara 'yan Durban suka jefo ƙwallo ta faɗo kusa da ita sannan ta sake ni, ta bi su can inda ruwan ba zurfi.

Shuvai ta fito ta zauna kusa da ni, ruwa yana zuba daga jikinta.

"Me take so da safe? Tana shan madara?"

"In an dafa. Ɗanya tana ɓata mata ciki."

"Tana tsoron duhu?"

"Ba ta tsoron duhu. Kare take tsoro, da allura, da mutum ya yi mata tsawa. In ta yi fushi ba ta kuka, shiru take yi, kada ki matsa mata. In za ki yi mata kitso ki fara ta ƙeya, gabanta yana da zafi." Na ji muryata tana tashi. "Ko so kike in rubuta miki a takarda in liƙa mata a goshi, kamar kayan da aka aika a mota?"

Na zaci za ta rama, don da can ba ta barin ko-ta-kwana. Sai ta tsura wa ruwan ido.

"Netsai, akwai tsohuwar da nake yi wa wanka a can. Na san cokalin sukari nawa take so, na san ƙafar da ke mata ciwo in za a yi ruwa, na san sunan karenta da ya mutu. 'Yata kuwa sai na tambaye ki ko tana shan madara. Kina ganin ban san abin da na yi ba?"

"Ba ki yi komai ba, Sisi. Rufin ɗakinmu ma ke kika yi shi."

"Rufin ɗaki ba ya ce min Mama."

Ina son yayata, ita ta goye ni ina ƙarama. Ina kuma so jirginta ya tashi ba tare da yarinyar nan ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma a ciki ɗaya suke zaune. Na miƙa mata tawul na ce ta rufe kafaɗarta, iska ta fara kaɗawa.

Da la'asar muka taka zuwa bakin ƙofar dandalin, mu uku. Mutane suna ta fitowa, yara a kafaɗar iyaye, wasu sun yi barci da alawar auduga a hannu. Ƙamshin gugguru da soyayyen dankali ya cika wurin. Vimbi tana tsakiyarmu, hannuna ta riƙe, ta bar wa Shuvai ɗayan ta kama mata wuyan hannu.

A tagar tikiti wata budurwa ce mai fara'a, da wushirya. Ta ba Shuvai tikitinmu, ta leƙo ta ga Vimbi.

"A'a, da 'yar madam aka zo? To kawo hannunki." Ta ɗauko wata munduwar roba mai launin kore da alƙalami. "Gobe Asabar, wurin nan cika yake yi maƙil. Duk yaro muna ɗaura masa wannan, da lambar wayar uwarsa a jiki. In ya ɓata, duk ma'aikacin da ya tsince shi sai ya kira. Wace ce uwar?"

Ni da Shuvai muka dubi juna. Vimbi ce ta ɗaga kai ta fara rera lambata.

Tana shirin shiga aji ɗaya na koya mata, saboda hanyar makarantarsu ta kasuwa take bi. Ta kasa riƙewa, sai na ɗora lambobin a kan muryar wata waƙa da muke yi a coci, ana yi ana tafi. Tun daga nan ko cikin barci ka tashe ta za ta rera maka. Ta rero ta tsaf, har da ɗan tafin ƙarshe, budurwar tana dariya tana rubutawa.

Shuvai ta ce, "Rubuta, ba komai." Muryarta ba ta fita sosai.

Budurwar ta tsaya ta dubi abin da ta rubuta. "Wannan layin Zimbabwe ne ko? Yana aiki a nan?"

Na ciro wayata. Tun da muka haye gadar Beitbridge ta kan iyaka layin ya ɗauke, ban ma kula ba, don wa zan kira? Duk wanda nake da shi yana tare da ni. Na ɗaga ta sama, na juya, ba ko ɗigo.

"To, ba za ta yi ba, Anti. Sai wadda za ta shiga."

Ta yar da munduwar a kwando ta ɗauko sabuwa. Shuvai ta karanto mata tata, ta Ingila, doguwa kamar layin asibiti. Aka ɗaura wa Vimbi. Budurwar ta ƙara da cewa gara yarinya ta haddace, don in an hau lilon ruwa tawadar takan goge, kuma tunda ga ta da ƙwaƙwalwa haka, ai ba wuya.

Muka matsa gefe. Shuvai ta durƙusa ta kama hannun Vimbi.

"Mu gwada ko? Ce huɗu, huɗu, bakwai."

Vimbi ta kau da kai.

"Vimbi, huɗu, huɗu..."

Vimbi ta zare hannunta ta ɓoye a baya, ta sa ido a ƙasa. Shuvai ta sake gwadawa, ta yi alkawarin ruwan ƙanƙara, ta yi na 'yar tsana. Ko motsi.

Na ce, "Sisi, je ki saya mana ruwan sha a shagon can na tsallake. Kada ki yi sauri."

Ta dube ni, ta gane, ta tafi.

Akwai benci a jikin shingen, daidai ƙarƙashin ƙaton lilon nan. An kunna masa fitilu ko da yake rana ba ta gama faɗuwa ba. Na zauna na jawo Vimbi kusa da ni. Muka zauna muna kallon kujerun suna hawa suna sauka.

"Ke, uwar taurin kai. Me lambar ta yi miki?"

"Ina da lamba."

"Kin ji ai, ba ta aiki a nan."

"A Ingila fa?"

"A can ma, in kin ɓata a kasuwa kika kira ni, me zan yi miki daga Gweru? In hau keken ɗinki in taho?"

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga murza munduwar a hannunta.

"Mama, in na sa tata a kaina, taki za ta fita."

Abin ya soke ni har sai da na kau da kai. Ashe abin da take riƙe da shi ke nan. Tun da aka gaya mata zancen tafiya ba ta ce uffan ba, har Mbuya tana cewa yarinya ce, ba ta san me ake ciki ba. Ta sani sarai.

Kuma a nan ne na ga hanya a buɗe. In na ce mata, to bar shi, ki riƙe tawa, shi ke nan. Za ta ƙi lambar, ta ƙi ɗakin, ta ƙi jirgin. Na san Shuvai, ba za ta ja yarinya tana kururuwa a filin jirgi ba. Sai ta ce a bari sai baɗi, baɗi ta zama wata baɗin. Na so hakan, Allah ya sani na so shi kamar in yi ihu. Sai na hango yayata a tsallake, ta riga ta sayi ruwan, tana tsaye a bakin shagon da robobi uku a ƙirji, tana jira a ba ta izinin dawowa wurin 'yarta. Na kuma tuna yarinyar nan a tsaye cikin taron baƙi, a garin da ba ta san kowa ba, tana rera lambar da ba mai zuwa.

Na ce, "Wa ya gaya miki kai ɗan mitsitsi ne haka? Sunayen 'yan ajinku nawa kika sani? Kin manta na Mbuya don kin koyi nasu? Kawo hannun nan in gani."

Na karanta lambar a jikin munduwar. Na gwada ta a bakina, ta ƙi zama. Wata waƙar ba ta zo min ba, kaina ya toshe, sai na ɗora ta a kan waccan dai, tamu. Ta yi tsawo, sai na ja wurin da ake numfashi na cusa sauran. Na rera sau ɗaya ni kaɗai, kamar mahaukaciya a bakin titi. Na biyu na ji tana bi ƙasa-ƙasa. Na ce tafi fa, ai ba a yi ba tafi. Muka yi ta yi, in ta ɓata in ja mata kunne, in na ɓata da gangan ta ja nawa. Wani tsoho da ke jiran jikokinsa a ƙarshen bencin har ya fara kaɗa ƙafa. Kafin fitilun titi su kama ta iya, na rufe munduwar da tafina ta rero ta daga farko har ƙarshe.

"To, saura gwaji. Tashi, kin ɓata."

Na ja ta zuwa tagar. Budurwar tana haɗa kayanta za ta rufe. Na ce, ƙanwata, ga yarinya an tsinta. Ta dube mu, ta dubi tsallake, ta yi murmushi ta turo wayar tebur ɗinta, ta ce wannan ko'ina tana kira, don baƙi daga ko'ina suke zuwa. Vimbi ta rera, ita tana dannawa. Ta miƙa mata kan wayar.

Muna kallon Shuvai ta zabura, ta rasa yadda za ta yi da robobin, ta ajiye su a ƙasa ta laluba jaka. Ta kara a kunne.

Vimbi ta buɗe baki ta rufe. Ta toshe wayar da hannu ta ɗago ta dube ni.

"Me zan ce mata?"

"Abin da yaro yake cewa in ya ɓata."

"A'a. Wane suna zan ce?"

Na ce, "Kin san sunan. Faɗi, ba za a rage min komai ba."

Ta cire hannun. Ta ce, a hankali, "Mama, na ɓata. Ina wurin tikiti."

Tsakaninmu da shagon nan bai fi jifa ba, kuma Shuvai tana ganinmu ƙuru-ƙuru. Amma da gudu ta taho. Ta bar ruwan a inda yake, ta ratsa ta tsakiyar mutane, takalminta ɗaya ya fita ba ta waiwaya ba. Ta sure Vimbi sama, yarinyar da ta kusa kai mata kafaɗa, tana cewa ga ni, ga ni, na zo. Wannan karon hannuwan Vimbi sun zagaye wuyanta. Budurwar taga ta juya baya tana neman abin da bai ɓata ba. Ni na je na ɗauko takalmin da robobin ruwan, don dole wani ya ɗauko.

A hanyar komawa otal su biyu suna gaba, Vimbi tana nuna mata jirgin da take so su fara hawa gobe, tana tambaya ko a Ingila akwai irinsa. Ina biye da su a baya. Mun kusa ƙofa sai ta saki hannun uwarta ta dawo da gudu, ta rataya a hannuna.

"Mama, gaskiyarki, ba ta fita ba. Taki tana nan. Ji."

Ta gyara tsayuwa ta fara, da tafinta. Sifili, bakwai, bakwai, tawa ce, daidai. Ta kai wurin da ake numfashi, ta ja iska, sai ta zarce cikin ta Shuvai, ta bi ta har ƙarshe ba ko tuntuɓe. Ta yi tafin ƙarshe ta ɗago tana washe baki. Ba ta ji abin da ya faru ba.

"Na yi daidai?"

Shuvai ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe mana ita a buɗe, ba ta jin abin da muke cewa.

Na gyara wa Vimbi munduwar da ta juya a hannunta. Na ce, "Kin yi daidai. Maza je ki, tana jiranki."